SHAYE-SHAYE: HUKUNCINSA, ILLARSA DA HANYAR FITA DAGA CIKINSA

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya girmama ɗan Adam da hankali, ya halatta masa kyawawan abubuwa, ya haramta masa munana. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi Musulmi, wannan darasi naka ne, ko kana sha ko ba ka sha. Domin in Allah ya tsare ka, to duba ƙanenka, duba abokin karatunka, duba wanda kuke tsayawa sahu ɗaya da shi a da, yanzu ka daina ganinsa a masallaci. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abubuwa uku muke so ka fita da su: ka san hukuncin kayan maye a Shari'a, ka san abin da suke yi wa jiki, ka kuma san yadda ake fita da yadda ake fitar da wani.

1. HANKALI AMANA NE

Ka sani, saboda hankali ne Allah ya ɗora maka salla da azumi da sauran hukunce-hukunce. Ba a rubuta laifi a kan mahaukaci har ya warke, ko ƙaramin yaro har ya balaga, ko mai barci har ya farka. Ashe ke nan hankali shi ne igiyar da ta ɗaure ka da umurnin Ubangijinka. Wanda ya tsinke ta da hannunsa, da gangan, da kuɗinsa, me zai faɗa ranar da za a tambaye shi?

Malamai sun ce abubuwa biyar Shari'a ta zo ta tsare: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Yawancin laifuffuka ɗaya suke taɓawa. Ɓarawo dukiya ya taɓa, mai kisa rai ya taɓa. Amma mashayi duka biyar ɗin yake rushewa: lokacin salla ya wuce yana kwance, jikinsa na lalacewa, hankalinsa ya gushe, iyalinsa su wulaƙanta, kuɗinsa su tafi aljihun dila.

2. MECE CE GIYA A SHARI'A?

Samari da yawa za ka ji suna cewa, "Ni fa ban taɓa shan giya ba, Allah ya kiyaye." Alhali kuwa akwai kwalbar maganin tari a aljihunsa, ko ƙwaya a ƙarƙashin harshensa. Shi a ganinsa giya ita ce ta kwalba kawai, ko burkutu. To wannan jahilci ne.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ya hau mumbarin Manzon Allah ya lissafa abubuwan da ake yin giya da su a zamaninsu, sa'an nan ya bayyana cewa duk abin da ya lulluɓe hankali sunansa giya. Kalmar ma a Larabci tushenta ɗaya da sunan mayafin da mace ke rufe kanta da shi. Muslim kuma ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya duk mai sa maye a cikin hukuncin giya, ya haramta shi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, ɗan kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Saboda haka suna ba ya canza hukunci. Ko ruwa ne, ko ganye, ko gari, ko hayaƙi, ko allura. Ko a bayan gari aka sayo shi, ko a kemis mai lasisi. Muddin don a bugu aka sha, giya aka sha. Lokacin da wiwi ya yaɗu a ƙasashen Musulmi, Shaihul Islam Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728 bayan Hijira, ya yi fatawa cewa hukuncinsa hukuncin giya ne, ko da yake ba a san shi a Madina a zamanin sahabbai ba.

A Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, Allah ya jera giya tare da caca da gumaka, ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, ya yi umurni a nisance su. Ya kuma faɗi abin da Shaiɗan ke nufi da su: jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da kange su daga ambaton Allah da salla. Leƙa kowace unguwa da shaye-shaye ya yi yawa, ka ga ko ba waɗannan biyun za ka tarar ba.

3. GIRMAN BALA'IN

Kada ka ɗauka 'yan tsiraru ne. A watan Janairu na 2019 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. An gano cewa a shekara ɗaya mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye, ban da giya da taba. Watau kusan mutum ɗaya cikin bakwai. Miliyan 10.6 wiwi suka sha. Miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe ciwo irin su tramol ba bisa ƙa'ida ba. Miliyan 2.4 kuwa maganin tari. Ɗaya cikin huɗu na masu shan mace ce. A Jihar Kano kaɗai an ƙiyasta fiye da mutum miliyan ɗaya.

Lura da kyau: bayan wiwi, abin da ya fi cin mutanenmu magani ne, wanda aka yi shi don warkarwa. Shi ya sa za mu fara da abin da ake sayarwa a fili.

4. ABUBUWAN DA AKE SAMU A FILI

Taba sigari da shisha. Mai tebur na sayar da ita a ƙofar gida, shi ya sa aka raina ta. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum sama da miliyan 7 a kowace shekara, cikinsu har da fiye da miliyan ɗaya waɗanda ba su sha, hayaƙin wasu kawai suke shaƙa. Tana jawo sankarar huhu da ta maƙogwaro, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Shisha kuwa taba ce da aka sa wa ƙamshi, ruwan tulun ba ya tace gubarta, ga hayaƙin gawayi a kai. Da yawa daga cikin malaman da suka ce taba makaruhi ce sun faɗa ne kafin cutarta ta bayyana. Da ta bayyana, malamai irin su Shaihu Abdul'aziz bin Baz da Shaihu Muhammad bin Salih al-Usaimin sun yi fatawa da haramcinta, saboda cutar da jiki da almubazzaranci. Kuma mashaya da yawa da karan sigari suka fara.

Maganin tari mai kodin. Likita kan ba da ɗan cokali, saurayi kuwa ya juye kwalba guda cikin lemo ya shanye. Hanta na mayar da kodin ya zama mofin, ɗan gida ɗaya da hiroyin. Yana sa kasala da barci da taurin bayan gida, in ya yi yawa ya danne numfashi. A ranar 1 ga Mayu, 2018, bayan BBC ta nuna yadda ake fitar da shi daga kamfanoni zuwa kasuwar bayan fage, Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Amma har yanzu jami'ai na kama shi a tashoshin jiragen ruwa da kan hanyoyi.

Tramol. Maganin ciwo ne mai ƙarfi. Wanda aka yarda da shi a asibiti mai miligiram 50 ne ko 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini ga babban mutum. Na kan titi kuwa akwai mai 200, da mai 225, da mai 250. Yi lissafi: ƙwaya biyu masu 225 sun riga sun haura iyakar yini guda, ga shi wani huɗu yake watsawa da shayin safe. Shi ya sa za ka ga saurayi lafiyayye ya yanke jiki ya faɗi yana farfaɗiya, wani a kan babur, da fasinja a bayansa. Da Indiya ta tsananta doka a kan tramol a 2018, sai masu fatauci suka koma kawo wata ƙwaya da aka haɗa da tafentadol da wani maganin saki jijiya, wadda Indiya ta hana yin ta a watan Fabrairu na 2025. Sunan fakiti na canzawa, gubar tana nan.

Ƙwayoyin barci da na masu taɓin hankali. Dayazifam, da Rohypnol wanda ake kira roci, da Exol. Waɗannan an yi su ne don marasa lafiya na musamman. Mai shan roci yakan aikata abu, gari ya waye bai san ya yi ba. Exol kuwa yakan busar da baki, ya rikita gani, ya sa mutum ganin abin da babu. Mafi haɗari shi ne haɗa ƙwayar barci da kodin ko tramol ko giya, domin kowanne na rage numfashi. Mutum ya kwanta, a ce barci yake, ashe tafiya ce.

Allurar fentazosin. Da yawa a gadon asibiti suka san ta, musamman masu ciwon sikila, daga nan suka koma yi wa kansu. Tana barin gyambo a cinya da dantse wanda ba ya jin magani. Masu karɓa-karɓa da allura ɗaya kuma suna ɗaukar ƙanjamau da ciwon hanta.

Sholisho, fetur da sukudaye. Kayan aikin mai faci da makaniki ne, ba a yi su don cikin mutum ba. Suna cin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma suna iya tsayar da zuciya nan take, ko da ranar ce mutum ya fara shaƙa.

Zaƙami. Ga shi nan a juji da bayan gari, ba mai sayarwa ma. 'Ya'yansa na sa zafin jiki da bugun zuciya da hauka na kwana da kwanaki, wani kuma ba ya dawowa. Wanda ya zuba shi cikin kunu ko zoɓo a wurin biki, wai don wasa, ya sani guba ya ba Musulmi.

Ita kuwa giya ta kwalba, wadda doka ta ƙyale a wurare da yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum miliyan 2.6 da ita a shekarar 2019. Ka ga ke nan, izinin hukuma bai mayar da abu halal ba, bai kuma cire masa cuta ba.

5. ABUBUWAN DA DOKA TA HANA

Wiwi shi ne kan gaba. Ana yi masa kirari wai ganye ne, Allah ya tsiro da shi. To zaƙami ma Allah ya tsiro da shi, inabin da ake matsa giya ma haka. Wiwi na raunana hadda da natsuwa, yana kashe himma, kuma likitoci sun tabbatar yana ƙara haɗarin taɓin hankali, musamman ga wanda ya fara tun yana yaro ko yake sha kullum. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25, ɓangaren da ke auna abu kafin a aikata shi ne ma ke zuwa ƙarshe. Wanda ya sa mata hayaƙi tun yana ɗan shekara 15, gini ya taka tun bai bushe ba.

Akwai wanda ake kira kolorado, ganye ne da aka fesa wa sinadari, mai sayarwa kansa bai san abin da ke ciki ba. Akwai hodar iblis da hiroyin. Akwai ayis, mai hana barci kwana da kwanaki, ya rame mutum, ya sa shi zargin kowa har mahaifiyarsa. Tun 2011 aka fara gano wuraren dafa shi a Legas. A watan Satumba na 2022 kuma hukumar NDLEA ta kama hodar iblis tan 1.8 a wani rumbu a Ikorodu. Waɗanda suka zuba kuɗi a irin wannan fatauci ba su san sunanka ba, ba za su zo jana'izarka ba.

6. YADDA ƘWAYA KE KAMA MUTUM

Babu wanda ya fara da niyyar zama mashayi. Ga yadda abin yake. Allah ya halicci wani sinadari a ƙwaƙwalwa, likitoci na kiransa dofamin, wanda ke sa mutum jin daɗi in ya ci abinci, ko ya gama aiki, ko ya ga wanda yake ƙauna. Kayan maye na tatso shi da yawa lokaci guda. Sai ƙwaƙwalwa ta rage jin sa don ta kare kanta. Daga nan abu uku ke biyo baya.

Na farko, ƙwaya ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai huɗu. Na biyu, abubuwan halal su daina daɗi: abinci, hira da iyaye, karatu, duk su zama lami. Na uku, in bai sha ba jiki ya ƙi: hamma, majina, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci, faɗa da kowa. A wannan mataki ba daɗi yake nema ba kuma, gudun azaba yake. Ranar farko abokai ne suka ba shi kyauta. Yau ya sayar da wayarsa, gobe tukunyar gidansu, jibi ya tare wani a lungu da wuƙa.

7. UZURORI DA AMSOSHINSU

"Don ƙarfin aiki nake sha." Haka ɗan acaba ke faɗa, da lebura, da manomi, da direban dare. Ƙwaya ba ta ƙara ƙarfi, gajiya take ɓoyewa. Gajiya kuwa ɗan saƙo ne da jiki ke aikowa cewa a huta. Ka kashe ɗan saƙon, saƙon na nan. Ƙarfin shekara goma ka ci a shekara biyu, kuma rabin abin da ka samu ya koma wurin mai ƙwaya.

"Don in manta damuwa." Rashin aiki gaskiya ne, talauci gaskiya ne, ba mu raina su ba. Amma wa ya taɓa farkawa daga maye ya tarar bashinsa ya biya kansa? Damuwa ɗaya ka kwanta da ita, ka tashi da biyu. In baƙin ciki ya yi maka nauyi har ba ka barci, ba ka cin abinci, wannan ciwo ne mai magani, je ka ga likita, ka kuma faɗa wa wanda ka amince da shi.

"Ai magani ne." Magani ne ga wanda likita ya duba ya rubuta wa, gwargwadon da ya rubuta, na kwanakin da ya rubuta. Wannan babu laifi, haka allurar barci a ɗakin tiyata. Ban da haka, ka tuna Ɗariƙu ɗan Suwaidu ya gaya wa Manzon Allah cewa shi don magani yake yin giya, aka amsa masa cewa cuta ce. Muslim ya ruwaito.

"To goro da shayi fa?" Waɗannan ba sa lulluɓe hankali, mai cin goro ya san raka'a nawa ya yi. Amma shayin da aka jefa wa ƙwaya ya tashi daga shayi.

"Sau ɗaya ne, in ɗanɗana." Duk wanda ka gani a kwance bakin kwata da sau ɗaya ya fara.

8. MAI SAYARWA DA MAI RABAWA

Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Anas cewa mutum goma aka la'anta a kan giya, cikinsu har da mai yin ta, da mai ɗauke da ita, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta, da mai shayarwa. Saboda haka mai kemis da ke miƙa wa yaro tramol ba takardar likita, alhali ya san abin da za a yi da ita, ya duba kansa. Haka yaron shago, haka wanda aka aika ya sayo, haka direban da ya ɓoye kwali a ƙarƙashin kaya.

Kai kuma da ake tarawa lokacin zaɓe, a ba ka ƙwaya da gora da 'yan kuɗi, tambayi kanka: ina 'ya'yan mai ba ka ɗin? Suna makaranta. In an kama ka ko an sare ka, wani zai ɗauka a madadinka kafin la'asar.

9. HANYAR FITA

Dubi yadda Allah ya yaye sahabbai daga giya. Bai fara da hani ba. A'isha, Allah ya yarda da ita, ta bayyana cewa ayoyin Aljanna da wuta ne suka fara sauka har zukata suka karkata ga Musulunci, da kuwa hanin giya ne ya fara zuwa da mutane sun ƙi bari. Buhari ya ruwaito. Sa'an nan aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta nuna zunubinta ya fi amfaninta. Aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye. Daga ƙarshe ayar Ma'ida ta yanke. Anas ya ce yana shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha aka yi shela, nan take aka zubar, har ta gudana a titunan Madina.

Kwatanta da Amurka, wadda ta hana giya da ƙarfin doka daga 1920 zuwa 1933, ta gaji ta janye. Mu ma nan a 1985 gwamnatin soja ta harbe mutum uku a Legas kan fataucin ƙwaya, a ƙarshen 1989 aka kafa NDLEA, amma ga alƙaluman da ka karanta a sama. Doka wajibi ce, sai dai ita hannu take kamawa. Zuciya sai imani.

Hukunci ya riga ya cika, babu mai cewa yau giya halal ce gare shi har ya shirya. Abin da za ka ɗauka shi ne tsarin gyara. In kana ciki, ga matakai:

Na ɗaya, tuba yau. Ka yi nadama, ka ƙudura ba za ka koma ba, ka mayar da abin da ka ɗauka na mutane ko ka nemi yafewarsu. Aya ta 53 ta Suratuz Zumar ta hana waɗanda suka yi wa kansu ɓarna yanke ƙauna daga rahamar Allah.

Na biyu, kada ka bar salla. Wasu sun ji hadisin da ke cewa ba a karɓar sallar mashayi kwana arba'in, sai suka daina gaba ɗaya. Malamai sun ce ladan ne ake hana shi, wajibcin na nan a wuyansa, kuma hadisin kansa ya ce in ya tuba Allah na karɓar tubarsa. Da zarar ka dawo hayyacinka, yi alwala ka yi salla.

Na uku, faɗa wa mutum ɗaya mai hankali: mahaifi, ko wa, ko limami, ko malaminka. Ciwon da aka ɓoye shi ke kisa.

Na huɗu, je asibiti. Wanda jikinsa ya saba da dayazifam ko roci ko giya, in ya yanke lokaci guda yana iya farfaɗiya, har ya rasa ransa. Likita ne zai tsara yadda za a janye shi, wannan kuwa neman magani ne, Shari'a ta yarda da shi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, ofisoshin NDLEA na jihohi kuma suna da sashen ba da shawara. Zuwa can ba ya nufin ka haukace. Azabar yaye daga tramol ko kodin takan yi tsanani a kwanakin farko, sa'an nan ta riƙa sauƙi.

Na biyar, canza majalisa. Manzon Allah ya kwatanta abokin kirki da mai sayar da turare, mugun aboki da mai zuga wutar maƙera. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Goge lambar dila, canza hanyar da kake bi.

Na shida, cika lokacinka. Koyi sana'a, koma makarantar dare, yi wasan motsa jiki, riƙi azumin nafila in jikinka ya murmure. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na bakwai, in ka zame ka sake tashi. Amma ka kiyaye: bayan ka daina na ɗan lokaci jikinka ya sauka, adadin da ka saba sha a da yanzu yana iya kashe ka.

10. HAƘƘIN ƊAN'UWANKA A KANKA

Akwai wani sahabi mai suna Abdullahi, ana yi masa laƙabi da Himar, yakan ba Manzon Allah dariya. An sha kawo shi ana yi masa haddi saboda giya. Wata rana wani ya la'ance shi, sai Manzon Allah ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A wani hadisin kuma ya hana a zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwa. Duka Buhari ya ruwaito. Ka ga, an tsayar da hukunci, ba a kore shi daga jama'a ba.

Mu kuwa sai mu kira shi ɗan ƙwaya, mu tashi in ya zauna, mu harare shi in ya shigo masallaci. Wa ya rage masa in ba dila ba? Je ka same shi shi kaɗai, lokacin da yake cikin hayyacinsa, ka yi masa magana a asirce, ka raka shi asibiti da ƙafarka. Kada ka ba shi kuɗi a hannu, saya masa abinci. Kada kuma a kai shi inda ake sa mari da duka da yunwa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala. Sarƙa na tsare ƙafa, ba ta warkar da ƙwaƙwalwa, kuma zalunci haramun ne ko da sunan gyara.

In ka tarar da wani ya sha ya wuce kima, ba ya farkawa, numfashinsa na fita da ƙyar ko yana wani irin minshari, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar bakin allura, to kada ka ce a bar shi ya yi barci. Kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwa, huhu za su tafi. In farfaɗiya ce, kada a cusa masa cokali a baki. A garzaya da shi asibiti tare da fakitin abin da ya sha, a gaya wa likita gaskiya, domin akwai allura mai suna nalokson da ke karya ƙarfin kodin da danginsa in an kai shi da wuri. Kunyar mutane ba ta kai ran Musulmi ba.

TAMBAYOYIN BITA

1. Kawo hujja biyu da ke nuna maganin tari da aka sha don maye hukuncinsa hukuncin giya ne.
2. Waɗanne abubuwa biyar ne Shari'a ta zo ta tsare, kuma yaya maye ke rushe kowanne?
3. Me ya sa bai kamata mai shan ƙwayar barci ya yanke ba tare da likita ba?
4. Wane ne a unguwarku za ka je ka samu a cikin wannan mako?

Ya Allah ka tsare mana hankulanmu da addininmu. Ka shiryi samarinmu da 'yan matanmu, ka yaye wa waɗanda aka jarraba, ka ba iyayensu haƙuri da lada. Wanda ke fataucin wannan guba, ka shirye shi, in ba mai shiryuwa ba ne ka isar wa Musulmi sharrinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.